Yadda Ake Saita Injin Turbo Ya Sha Fetur Mai Gaurayen Itanol

Tun ranar da na saita motar wani alhaji a Aboabo, nan Kumasi, mai injin N55 na BMW, ta koma shan E30, tambaya ba ta yanke mini ba. Wasu su tsayar da ni a ƙofar masallaci bayan Juma'a, wasu su biyo ni har rumfata a Suame Magazine, samari kuma su yi ta turo saƙo da tsakar dare: "Masta, lita nawa zan zuba?" To 'yan'uwa, ga amsar a rubuce. Sai dai lissafin lita a mataki na huɗu yake, kuma akwai dalilin da ya sa bai zo a farko ba.

A Amurka mai mota yakan tsaya a gidan mai, ya ɗauki bakin famfon E85 ya cika tanki. Mu a Kumasi ba mu da wannan famfon. Da hannunmu muke haɗa man a jarka, don haka rabin aikin a wajen mota ake yin sa, tun kafin a jona kwamfuta. Harafin E da lambar da ke binsa yawan itanol suke faɗa: E30 kashi 30 cikin 100 itanol ne, sauran fetur. Oktan shi ne ma'aunin juriyar mai ga matsi ba tare da injin ya ƙwanƙwasa ba. Fetur ɗinmu na gama-gari oktan 91 ne, mai tsadar 95, shi kuwa itanol yana kai wa 108. Ga shi idan ya zama tururi yana shanye zafin iskar da turbo ya matso, fiye da ninki biyu na abin da fetur ke shanyewa. Ladan ke nan. Kuɗin da ake biya kuma shi ne yawan sha, domin ƙarfin da ke cikin litar itanol kashi biyu cikin uku ne na litar fetur.

1. Fara da lafiyar injin

Injin da ke ciwo da fetur, itanol ba zai warkar da shi ba. Ka jona na'urar duba mota ka karanta duk laifukan da kwamfutar injin ta ajiye, wato wadda muke kira kontrol bod. Ka auna kwamfreshin kowace silinda, kada bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin 100. Ka toshe bakin turbo ka hura iska cikin bututan da intakula, wato mai sanyaya iskar turbo, ka fesa ruwan sabulu, ka ga inda zai yi kumfa. Da yawa daga cikin motocin turbo da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Tema sun taɓa cin karo a gaba, kuma intakula a gaban take zaune. Sau da yawa za ka tarar an like ta da gam an rufe da bamba.

Sai abin da ya zama mana al'ada a nan: cire tamostat da ɗaure fanka ta riƙa juyawa kai tsaye. Ka mayar da tamostat, ka mayar da fanka kan sensarta. Itanol yana tafasa a digiri 78, kuma ɗan abin da ke zurarewa cikin baƙin mai ba ya fita sai man ya yi zafi sosai. Injin da ba ya ɗumama yadda ya kamata zai tara itanol da ruwa a cikin baƙin mansa har ya tsinke.

Ka cire fulogai ka duba bakinsu. Idan ka ga sun yi ja kamar jan ƙasa, wannan ragowar sinadarin manganis ne da ake ƙara wa wasu fetur don ɗaga oktan, irin wanda masu mota suka yi ta kuka da shi a ƙasar nan a ƙarshen 2023. A sauya su, a kuma duba sensar salansa, don ita ma yana rufe mata baki.

Daga nan ka cika tanki da fetur mai oktan 95, ka ɗauki rikodin injin a laftof yana ja da cikakken totur. Wannan rikodin shi ne ma'aunin da za ka gwada komai da shi nan gaba.

Gargaɗi: idan gyaran mai da kwamfuta ke yi da kanta ya haura kashi 10 sama ko ƙasa, akwai yoyon iska ko sensa mai ƙarya. Kada ka matsa gaba sai ka gano shi.

2. Zaɓi gaurayen da motarka za ta iya ɗauka

Iska kilo 14.7 ke ƙone kilo ɗaya na fetur tsantsa. E30 kuwa 12.9 yake so, E50 kusan 11.8, E85 kuma 9.8. A aikace, E30 na bukatar ƙarin mai kamar kashi 12 cikin 100, E50 kamar kashi 20, E85 kuwa yana kusantar kashi 40 idan aka gwada shi da fetur marar itanol ko kaɗan.

Injin turbo iri biyu ne a wannan fanni. Akwai mai fesa mai a bakin bawul, kamar Subaru mai injin EJ da tsofaffin Volkswagen da Audi masu 1.8T. Wannan sauƙi gare shi, ana sauya injekta da famfo a wuce wurin. Akwai kuma mai fesawa kai tsaye cikin silinda: N54 da N55 da B58 na BMW, EA888 na Volkswagen, EcoBoost na Ford, da 1.5 turbo na Honda da ke cikin Civic da CR-V da Accord na 'yan shekarun nan. A irin waɗannan, famfon matsi da injin ke bugawa shi ne iyakarka, kuma sauya shi da babba kuɗi ne mai yawa.

Shawarata ga kusan kowa ita ce E30. Oktan ba ya hawa daidai da yawan itanol. Kashi talatin na farko su ke kawo mafi yawan amfanin, har fetur mai 91 ya kusanci 100. Daga E50 zuwa sama ƙarin kaɗan ne, sha kuma ya ci gaba da hawa. Wanda zai ɗauki jarka da hannunsa kowane mako, lita 15 ta itanol da E30 ke so a tanki mai lita 50 ta fi masa lita 42 ta E85 sauƙi.

3. Sayen itanol da gwada shi

Nan ne aka fi yin ɓarna, shi ya sa zan daɗe a kai.

Itanol da ya fi yawa a hannun masu sayar da sinadarai shi ne mai kashi 96, wanda kamfanonin magani da na abin sha ke amfani da shi. Sauran kashi huɗun ruwa ne, domin tatar tukunya ba ta iya wuce nan. Wanda ya dace da tanki shi ne busasshe, mai kashi 99.5 ko sama. Ka nemi takardar gwajin da ta zo da duron, amma kada ka tsaya a kan takarda. Mai kashi 96 yana iya zama a haɗe da fetur da zafin rana, sai dai ya riga ya cinye gurbin ruwan da gaurayen zai iya riƙewa. Da ɗan danshi ya ƙaru a tanki, ko gari ya yi sanyi da asuba, sai ruwa da itanol su rabu su kwanta a ƙasa, daidai inda famfo ke zuƙa. Abin da ya rage a sama fetur ne da oktansa ya zube.

Gwaji uku nake yi wa kowane duro.

Na farko awo. Ka sa kwalbar awo cikin ruwan ƙanƙara har itanol ɗin ya sauko digiri 20, ka auna lita ɗaya cif a kan sikeli mai kyau. Busasshe giram 789 ne. Mai kashi 96 yana kai wa wajen 807. Idan kana da ma'aunin barasa mai yawo a kan ruwa, shi ma a digiri 20 aka tsara shi. A zafin ranarmu zai nuna maka lamba sama da gaskiya.

Na biyu ɗiga kaɗan a kan gilashi mai tsabta ka bar shi ya bushe. Kada ya bar maiƙo ko danƙo ko farin tabo.

Na uku haɗa mililita 70 na fetur da 30 na itanol a kwalba mai haske, ka toshe, ka girgiza, ka nutsa ta a bokitin ƙanƙara a waje na awa biyu. Idan ta yi hazo ko ta rabu gida biyu, mayar da duron. Kada a sa kwalbar a firijin gida, tururin fetur da wayar firiji ba sa haɗuwa.

Gargaɗi: akpeteshie, barasar da ake tatawa a gida, kusan rabinta ruwa ne, ba ta da wuri a tanki. Sifirit ɗin kemis na goge ciwo yakan zo da metanol ko wasu ƙari, shi kuwa metanol iska kilo 6.4 kawai yake so, yana cin alminiyam, yana kuma makantar da wanda ya sha. Man goge hannu yana da gilisarin mai toshe injekta.

Wasu 'yan'uwa sun tambaye ni ko ya dace Musulmi ya ajiye wannan abu a gida, tunda asalinsa barasa ce. Hukunci na malamai ne, a kai musu tambayar. Abin da nake yi a matsayina na fita shi ne, ranar da duro ya sauka nake zuba masa fetur kashi biyu zuwa biyar, kamar yadda ake yi wa itanol ɗin mota a Amurka don kada ya shawu. Ina rubuta "guba" a jikinsa da Hausa da Twi da Turanci, in kuma kulle shi. Duron ƙarfe ko jarkar roba mai kauri, murfi a ɗaure, a inuwa, nesa da masu walda. Itanol yana zuƙar danshin iska, kuma kowa ya san damina a Kumasi. Wutarsa da rana ba ta cika ganuwa ba, don haka tukunyar kashe wuta mai hoda ta kasance kusa da hannu. Ka haɗa wa motarka kaɗai. Sayar wa jama'a man mota sai da lasisin NPA, hukumar man fetur ta Ghana.

4. Lissafin lita

Kafin lissafi ka gwada fetur ɗin kansa, don ka san ko yana ɗauke da itanol tun daga gidan mai. Ka zuba ruwa mililita 50 a kwalbar awo mai 100, ka cika da fetur, ka girgiza, ka bar shi minti biyar. Idan layin ruwa ya tsaya a 50, babu itanol. Idan ya hau zuwa 55, akwai kamar kashi 10. Da wannan kwalbar za ka riƙa duba gaurayenka ma: E30 zai kai layin wajen 64 ko 65.

A tanki mai lita 50 da fetur marar itanol, E30 shi ne lita 15 na itanol da 35 na fetur. Idan fetur ɗin yana da kashi 10 a cikinsa, sai ka cire 10 daga 30 ya zama 20, ka cire 10 daga 99.5 ya zama 89.5, ka raba 20 da 89.5, ka ninka da 50. Lita 11 ke nan da ɗan ɗigo.

Itanol ake fara zubawa, sannan fetur ya biyo ya gauraya shi. Kuskuren da na fi gani shi ne manta abin da ya rage a tanki. Mutum yana da lita 20 na E30 a ciki, ya sake zuba lita 15 na itanol ya cika da fetur 15, ya wayi gari da E42 bai sani ba. Lissafi a kan abin da za ka ƙara ake yin sa: lita 30 za ka ƙara, to 9 itanol, 21 fetur. Ka ajiye ɗan littafi a mota kana rubutawa.

5. Famfo, tiyo, filta, injekta

Koma kan rikodin mataki na ɗaya ka duba yawan lokacin da injekta ke buɗe a ƙarshen ja. Idan kashi 70 ne da fetur, ninka da 1.12, E30 zai kai shi 78, akwai sauran numfashi. Ninka da 1.4 kuwa, E85 zai kai 98, wato injektar ta ƙare tun ba ka ƙara matsin turbo ba. Iyakata 85. Injin silinda huɗu mai neman doki 300 yana son injekta wajen 600cc da fetur, 670cc da E30, 850cc da E85.

Famfon cikin tanki ya zama wanda aka rubuta yana jure itanol, irin su Walbro mai lita 450 a awa ko AEM mai 340. Babban famfo yana jan wuta fiye da amfiya 15, siririyar wayar kamfani ba za ta ɗauka ba. A ja masa waya mai kauri daga batir, da rilai da fiyus nasa. Jabun famfo sun cika kasuwa, kwali iri ɗaya da na gaske. Wanda aka ce maka rabin kuɗi, ka bar shi.

Tiyon waje ya zama mai lambar SAE J30R9 ko na PTFE. Guntun da ke nutse cikin tanki kuwa J30R10, domin na waje idan ya kwana cikin mai yakan kumbura ya fashe. Zobban roba na injekta su zama Viton. Filtar takarda ba ta daɗewa da itanol mai yawa, a sa ta ragar ƙarfe ko ta zaren gilashi mai maikuron 10.

Gargaɗi: itanol sabulu ne ga tsohon tanki. Duk dattin shekaru zai kankaro shi ya tura gaba. Ka sauke tanki ka wanke kafin zubin farko, ka kuma sauya filta bayan kilomita 500 zuwa 1,000.

6. Idanun da za ka gani da su

Sensar waidban, mai auna daidaiton mai da iska daga hayaƙi, irin Bosch LSU 4.9, a ɗaura ta a salansa kamar rabin mita bayan turbo, kanta yana kallon sama kaɗan don kada ruwa ya kwanta mata. Sababbin motoci masu fesawa kai tsaye da tasu suke zuwa, karantawa kawai za ka yi.

Ka mayar da gejin kan lamda. Lamda 1.00 na nufin mai da iska sun yi daidai, ko da wane irin mai ne. Gejin da ke kan ma'aunin fetur zai nuna 14.7 a silo ko da E30 ne a tanki, domin lamda yake ninkawa da 14.7. Na ga yaron da ya karanta cewa E30 12.9 yake so, ya yi ta ƙara mai har geji ya nuna 12.9 a silo. Mota ta yi ta hayaƙi, fulogai suka yi baƙi, baƙin mai ya koma warin fetur cikin mako guda.

Sensar itanol, wadda Continental ke yi wa motocin GM, tana da sauƙin karatu: bugu 50 a daƙiƙa babu itanol, 150 itanol tsantsa, don haka 80 na nufin E30. Ga mai haɗa mai da hannu ina ganin ta zama dole. Amma a sani tana ɗaukar ruwa a matsayin itanol, ta nuna lamba sama da gaskiya. Ba ta maye gurbin kwalbar awo ba.

7. Fulogi

Mataki ɗaya mafi sanyi a kan na kamfani. A NGK lamba mafi girma ita ce mafi sanyi, a Bosch akasin haka. A rage giɓin zuwa milimita 0.6 ko kusa, don kada matsin turbo ya hure tartsatsin. Kwayil mai rauni a sauya shi yanzu.

8. Jona kwamfuta: mai tukuna

Kowace mota da ƙofarta. BMW ana shiga da MHD ko bootmod3, Honda da Hondata ko KTuner, Subaru da Ford da Volkswagen da Cobb Accessport, wasu da HP Tuners ko EcuTek. Tsohuwar motar da kwamfutarta ba ta buɗuwa sai a sa mata Haltech ko Link.

Abu na farko, kwafe fayil ɗin asali ka ajiye shi wuri biyu. Laftof a cike da caji, batirin mota a jone da wani batir mai lafiya. Kada ka dogara da wutar gida. Idan dumsor, wato ɗauke wuta, ta same ka a tsakiyar rubutu, kontrol bod na iya mutuwa gaba ɗaya.

Fayil ɗin da aka sauko da shi daga intanet an yi shi ne a kan man wata ƙasa da iskar wata ƙasa. Ko a Amurka, abin da ake kira E85 yana iya zama kashi 51 zuwa 83 gwargwadon lokacin shekara. Ka ɗauke shi a matsayin mafari kawai.

Ka bar taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da tartsatsi, da matsin turbo yadda suke. Ka gaya wa kwamfuta girman sababbin injekta da jinkirin buɗewarsu kamar yadda takardarsu ta nuna, sannan ka sauya lambar 14.7 zuwa ta gaurayenka. Tayar da mota, ta yi silo har ta ɗumama, ka yi yawo a hankali cikin unguwa. Gyaran man da kwamfuta ke yi ya zauna cikin kashi 5 sama ko ƙasa. Sai ya zauna za ka taka totur. A cikakken ja, ina neman lamda 0.78 zuwa 0.82 a mai fesawa bakin bawul, 0.80 zuwa 0.85 a mai fesawa kai tsaye.

Ido ɗaya kullum a kan matsin mai. A tsarin da ke mayar da ragowar mai tanki, idan tushe bar 3 ne turbo kuma ya ba da 1.2, geji ya nuna 4.2. A mai fesawa kai tsaye, ka gwada matsin da kwamfuta ta nema da wanda ta samu. Da sun rabu da kamar kashi 10, ɗaga ƙafa. Famfon ya gaza, kuma maganin shi ne rage itanol ko rage turbo.

9. Matsin turbo, sannan taimin

Wannan mataki a kan daino, na'urar da ake ɗora mota a auna ƙarfinta, ya kamata a yi shi, ko da sai an kai motar Accra. Idan babu hali, to fili rufaffe ko hanyar da babu mutane, mutum biyu a mota, ɗaya na tuƙi ɗaya na kallon laftof. Hanyar Ejisu da ta Tafo cike suke da motocin haya na trotro da kekunan pragya masu ƙafa uku da 'yan makaranta, ba wurin gwaji ba ne. Ka yi aikin da zafin rana, kamar na Fabrairu da Maris. Saitin da ya tsira da ƙarfe biyu na rana zai tsira da dare, na dare kuwa ba lallai ya tsira da rana ba.

A giya ta uku, daga juyi 2,500 zuwa kusa da jan layi. Ka ƙara turbo bar 0.1 a kowane ja, ka tsaya, ka karanta rikodi, ka bar intakula ta huce. Idan ka kai matsin da kake so, mai kuma yana wadatarwa, sannan ka taɓa taimin, digiri ɗaya-ɗaya.

A nan nake so a saurare ni da kyau. Da fetur, idan taimin ya yi yawa injin yakan ƙwanƙwasa, sensa ta ji, kwamfuta ta ja baya. Wannan ƙarar ita ce mai gadinmu tun muna yaran masta. Itanol yana rufe wa mai gadin baki. Kana iya wuce inda injin ke ba da iyakar ƙarfinsa da digiri uku ko huɗu ba ka ji komai ba, alhali matsin da ke kan fistin yana ta hawa. An taɓa jawo mini wata mota mai silinda huɗu da igiya daga Asawase. Mai ita ya rantse bai ji ƙara ko sau ɗaya ba, kuma gaskiya ya faɗa, rikodinsa fes yake. Da muka buɗe, konrod biyu, wato sandunan da ke riƙe da fistin, sun lanƙwashe kamar ƙugiya. Ya yi ta ƙara taimin ne yana jiran ƙarar da ba za ta zo ba.

Don haka ƙarfin da ya ƙaru shi ne alƙali. Ka ƙara digiri ɗaya, ka ga abin da daino ta ba ka. Da ƙarin ya fara raguwa, ka tsaya, ka koma baya digiri ɗaya ko biyu. In babu daino, ka auna daƙiƙun da mota ke ɗauka daga juyi 3,000 zuwa 6,000 a wuri ɗaya, giya ɗaya. A hannuna E30 yakan karɓi digiri biyu zuwa huɗu a kan na fetur. Wanda ya ga kansa a shida, ya sake duba aikinsa.

Gargaɗi: tsakanin juyi 2,000 da 3,500 ne konrod ke lanƙwashewa, kuloci ya zame, giyabos mai bel ya ƙone. Ka sa turbo ya hau a hankali a wannan yanki, ka bar ƙarfin ya fito a sama.

10. Tashin safe da shingen tsaro

Itanol tsantsa ba ya son kamawa ƙasa da digiri 13. Kumasi ba kasafai take sauka can ba ko da hunturu, don haka ƙarin mai kaɗan a lokacin tayarwa ya isa. Ka bar motar ta kwana ka gwada da asuba, sau ɗaya kawai ake samun wannan gwajin a rana.

Idan kwamfutarka tana karanta sensar itanol, ka sa yawan mai ya bi lambar kai tsaye, amma ƙarin taimin da turbo kada su fara sai an haura E20, su kuma tsaya cak a inda ka gwada da idonka. Ka sa shinge uku: lamda ta wuce 0.88 a cikakken ja a yanke turbo, matsin mai ya faɗi a yanke, sensar itanol ta mutu a koma taimin fetur.

11. Kuɗi

Kayan nan da dala ake sayen su. A kasuwar Amurka gejin waidban yana wajen dala 200, sensar itanol ita kaɗai ƙasa da 100, famfo 100 zuwa 200, injekta huɗu na kirki 400 zuwa 800, na'urar rubuta wa kwamfuta 300 zuwa 800. Ka ɗora kuɗin jirgi da na kwastan, da ladan mai saiti. Mai fesawa kai tsaye da ya tsaya a E30 sau da yawa ba ya bukatar injekta, wannan ma dalili ne na tsayawa a nan.

Kuɗin kullum shi ne wanda mutane ba sa lissafawa. Mu ɗauka, don misali kawai, fetur sidi 15 ne lita, busasshen itanol sidi 25. Litar E30 ta zama sidi 18. Ka ƙara shan kashi 12, kowace tafiyar da kake yi da sidi 15 ta koma sidi 20. Sa farashin ranar da kake karantawa ka sake lissafin. Wanda ya shigo wannan harka don rage kuɗin mai ya yi ɓatan kai, ƙarfi da sanyin injin ake saya. Ka kuma sanar da kamfanin inshorarka cewa an ƙara wa injin ƙarfi.

12. Bayan an gama

Baƙin mai kada ya wuce kilomita 5,000, kuma duk mako ka zaro sanda ka shinshina. Idan ya ƙaru a kan layi ko yana warin mai, a juye. Motar da zirga-zirgarta ba ta wuce Aboabo zuwa Kejetia ba, a ba ta doguwar tafiya ta rabin awa ko sau ɗaya a mako don man ya yi zafi. Idan za ta yi wata guda a ajiye, ko ka cika tanki maƙil, ko ka mayar da ita kan fetur kafin ka kulle. Kowane sabon duro ya bi gwaje-gwajen mataki na uku daga farko, ko da daga hannun mutumin da ka saba saya ne.

Sai tafiyar arewa. Wanda zai je Tamale ko Bawku ganin gida ba zai samu busasshen itanol a hanya ba. In motarka tana da sensar itanol da ke magana da kwamfuta, zuba mai 95 ka yi tafiyar kilomita goma a hankali har lambar ta zauna. In kuwa saiti biyu gare ka da ake sauyawa da hannu, ka koma kan na fetur tun a gidan mai, kafin ka tayar da injin. Saitin fetur a kan ragowar E30 kwamfuta za ta iya gyara shi muddin ba ka taka totur har ƙasa ba. Saitin E30 a kan fetur mai 91 kuwa, ja ɗaya a hawan Kintampo ya isa ya fasa fistin.